Ranar da Aka Sace Kunnen Tauraro

Ruwan shuka na daminar 1977 ya sauka a Tungar Dawo da asubahin wata Talata. Da rana ta fito, maimakon kowa ya nufi gona da sungumi da ƙwaryar iri, sai rabin gari ya taru a kan dutsen da ke bayan ƙauyen, domin an tsinci Jatau maigadi kwance cikin jini, ƙeya a fashe, numfashi sama-sama. Akwatin da yake gadi kuwa babu shi babu dalilinsa.

Akwatin na Malam Sabiru ne, wani safiyo, mai awon ƙasa, da aka turo daga Sakkwato. Mutanen gari suna ce masa kunnen tauraro, saboda bayanin da Malam Sabiru ya yi musu ranar da ya zo. Ya ce akwai taurarin da ɗan'adam ya ƙera ya harba sama, suna kewaya duniya ba hutawa. In ɗayansu ya gitta ta bisa yakan saki wani sauti da kunnen mutum ba ya ji, sai akwatin ya kama. In ya yi 'yan kwanaki yana saurare, sai a san ainihin inda dutsen yake a doron ƙasa. An kafa ƙusar tagulla cikin siminti a kan dutsen, daga ita za a ja awo a fitar da iyakar burtali, tsohuwar hanyar shanun da ta taso daga kudu ta ratsa ƙasar Gusau ta yi arewa. An riga an yi irin wannan aiki a Tsafe da Bungudu, saura nan.

Kafin hantsi wani saje ya iso daga Gusau da 'yan sanda biyu. Aka ɗauki Jatau zuwa asibiti, dagaci ya ce a kira Tambaya.

Tambaya tsohon maharbi ne da ya bar baka ya koma bin sawu. In akuya ta ɓata ko ɓarawo ya haura danga, shi ake nema, har daga Magami da Ruwan Bore. Ba shi da yawan magana. Gandu ɗaya suke da wansa Dalhatu, wanda ya riƙe shi tun rasuwar ubansu, ya yi masa aure, kuma shi ke riƙe da makullin rumbu har yau.

Da ya hau dutsen ya tarar jama'a sun tattake ko'ina. Sai a gindin dutsen ta yamma ya ga sawun shanu sabo, an yi shi bayan ruwa ya tsagaita. Ya bi shi, saje na biye da shi yana azalzala. Sawun bai yi nisa ba ya faɗa cikin dagwalon da ke bakin tafki, inda garken Ardo Manu ke shan ruwa. Nan ya narke cikin dubban kofatai.

Saje ya ce, "To, magana ta ƙare."

Tambaya ya ce, "Ban ce ta ƙare ba, ranka shi daɗe. Na ce nan sawun ya shiga."

Babu wanda ya saurare shi. Wani ya tuna cewa jiya ya ga Usman ɗan Ardo a kan dutsen yana leƙen akwatin. Kafin azahar an sa wa Usman ankwa, an kulle shi a ɗakin da ke zauren dagaci. Aka kuma kafa doka: ko maraƙi ɗaya kada ya ɗaga daga gindin dutsen sai akwati ya fito.

*

Ardo Manu ya tari Tambaya a bakin ruga da la'asar. Dattijo ne siriri, rawaninsa ya koɗe. Daga kudu suka taso bayan cin rani, sun yada zango nan don su kwana biyu su wuce arewa.

Ya nuna gabas, ya nuna yamma. Ko'ina mutane ne a duƙe suna shuka.

Ya ce, "Ka gani, Malam Tambaya. Yau ƙasa ce tsirara, ko'ina na bi ba mai cewa na yi ɓarna. Nan da mako gero zai tsiro ya kewaye mu. Ciyawar wurin ga ba ta kai mu jibi. Dabba mai yunwa ba ta san doka ba, in ta ga kore za ta tahi. Ran da guda ta sa baki a gonar wani, ka san abin da ke biyowa."

Tambaya ya sani. Ya taɓa bin sawun jini bayan irin wannan rana.

Ya ce, "Mi ya kai Usman bisa dutse?"

"Tambaya ya je yi, kamar sunanka. An ce tauraron na ganin inda hadari ke haɗuwa. Shi ko so yake ya san inda ruwa ya sauka arewa, kada mu kai shanu ga ƙasa busassa. Mu da ake shirin buɗe wa hanya, mu za mu sace abin awon hanyar?"

Malam Sabiru ya tabbatar da wannan. Tambaya ya same shi zaune a ƙofar tantinsa, ido ya yi ja. Ya ce, "Yaron ya tambaye ni da ladabi. Na gaya masa akwai masu duban gajimare, akwai masu kai maganar tarho daga nan har Ikko da ƙasashen waje, akwai masu ɗaukar hoton ƙasa, kowane da aikinsa. Wannan nawa saurare kawai yake yi." Ya jawo wata babbar takarda ya shimfiɗa. Hoton ƙasar ne daga sama, duk dabbare-dabbare. Ya ɗora yatsa a kan wani zare mai haske. "Ga burtalin. Dubi faɗinsa a Tsafe, dubi yadda ya shaƙe a nan."

Tambaya ya duba ya kau da kai. Ya san gonakin da suka shaƙe shi. Kusan kowa a Tungar Dawo ya ɗan gutsuri gefensa, gandunsu ma yana ciki.

*

Washegari ya shiga motar kasuwa zuwa Gusau. Jatau ya farfaɗo, kansa naɗe da bandeji, magana da ƙyar. Tsohon soja ne, abin ya fi yi masa ciwo a zuciya.

Ya ce, "Ruwa ne ya kore ni cikin kogo. Da ya ɗauke na fito, gari bai gama wayewa ba. Na ga mutum duƙe a kan akwati, ya rufe fuska. Na cafke shi, muka yi kokawa, santsi ya kwashe ni. Shi ke nan."

"Ka ji muryatai?"

"Ko tari bai yi ba. Amma na ji shanu a ƙasa."

"Garke?"

Jatau ya ce, "A'a. Garke na da hayaniya. Waɗannan a tsaye suke, shiru, kamar masu jiran umarni."

Tambaya ya fito da wannan magana a ransa, amma bai san inda zai ajiye ta ba tukuna.

A bakin asibiti ya ji wani labari. An ce Shu'aibu, direban safiyo, bai kwana a tanti ba ranar da abin ya faru, kuma an gan shi a Tsafe da wani kaya lulluɓe da buhu a bayan mota. Tambaya ya wuce Tsafe. Ya tarar da zancen gaskiya ne, sai dai kayan keken ɗinki ne. Shu'aibu ya saci jiki ne ya kai wa wata bazawara da yake nema, mota ta kafe masa a laka har hantsi, mutum goma suka tura ta. Matar da kanta ta ɗage labule ta nuna masa keken, tana cewa in dai don wannan ne a zo a ɗauke, ita ba ta son magana.

Daga nan sai Bungudu. Can ma an taɓa ƙoƙarin tumɓuke ƙusar tagullar, kuma kowa ya san wanda ya yi: wani tsoho mai suna Tukur, wanda ya rantse cewa eriyar akwatin ce ke korar hadari. Tambaya ya same shi a gindin tsamiya, ƙafa ɗaya a miƙe, kumbure da kurkunu.

Tukur ya ce, "Da ina da ƙafa da na riga ɓarawon. Amma ka gani. Ko masallaci sai an ɗauke ni. Kuma ai ruwa ya sauka alhali abin na kafe, ko ba haka ba? Na janye maganata."

Sai bayan kwana uku Tambaya ya komo gida, hannu rabbana. Daga kan hanya ya hangi gonaki sun fara yin kore-kore, kamar an yayyafa musu shuni. Ya ji kukan shanun Ardo tun daga nesa, irin kukan da ba na neman maraƙi ba. A bakin gari ya ga samari zaune suna wasa gatari, babu wanda ya ce zai je itace.

*

Da safe ya koma gindin dutsen shi kaɗai. Ya tsuguna inda ya fara ganin sawun, ya daɗe yana kallo. Sai ya gane kuskurensa. Ranar farko saje ya tura shi gaba, ya bi inda sawun ya tafi. Bai tambayi inda ya fito ba.

Ya juya baya. Ta nan falalen dutse ne mai faɗi, kofato ba ya barin alama. Ya kewaye shi a hankali, yana duban inda tsakuwa ta juya cikinta sama, har ya gangara cikin wata 'yar korama mai yumɓu a gindi. Can ƙarƙashin gaɓa, inda rana ba ta kai ba, sawun na nan kwance kamar an buga hatimi.

Shanu biyu ne kacal. Kuma ba a jere suke ɗaya bayan ɗaya ba, ba su warwatsu ba kamar yadda dabbar kiwo ke yi, wannan ta ratse ta ci ganye, waccan ta tsaya. Kafaɗa da kafaɗa suka tafi, tazarar da ke tsakaninsu ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba, har a kan kwana. Dabbar da ta saba da karkiya ce kaɗai ke tafiya haka, ko an cire mata itacen daga wuya. Shanun huɗa ne.

Na hagu yana jefa ƙafar baya waje kaɗan, kofaton ciki yana da tsaga.

Tambaya ya zauna a kan yumɓun, bai damu da rigarsa ba. Sawun Goje ne, ɗaya daga shanun huɗar gandunsu. Damina nawa ya yi yana riƙe da garma a bayan wannan ƙafa, idonsa a kanta daga safe har azahar? Shi ya ɗaure tsagar da tsumma da man shanu bara waccan. Ya ɗauki ɓangaren dutse, ya kai hannu kan sawun. Shafa uku za ta ishe shi. Hadari ma na haɗuwa a gabas, in ya tashi ya tafi abinsa, ruwa zai yi masa aikin. Daga bayan dutsen kukan shanun ya sake tasowa. Ya ajiye dutsen. Ya karyo rassan geza ya rufe sawun, ya danne da ƙasa ta sama don kada ruwa ya ci shi.

A gida ya tambayi matarsa Uwani daga wane rumbu suke ɗiba.

Ta ce, "Daga ƙarami. Tun ran Talata Yaya ya hana a taɓa babban. Ya ce gara ta shiga." Ta dube shi. "Lahiya?"

Ya juya ya fita neman wansa.

*

Ya sami Dalhatu a gonar gandu ta bakin burtali, yana duba tsiro. Gonar ta fi kowace kyau, domin shekara da shekaru shanu sun taka wurin sun zuba taki kafin garma ta shige shi.

Tambaya ya ce, "Yaya, na ga sawun Goje a korama."

Dalhatu bai ɗago ba. Ya tsuguna ya gyara wani tsiro da ya kwanta. Can ya ce, "Kai kaɗai ka gani?"

"Ni kaɗai."

"To."

"Yaya, ka kai abin nan ga dagaci da ƙafarka. Jatau bai mutu ba. In ka kai da kanka, da sauƙi."

Dalhatu ya miƙe. Ya tsufa cikin kwanakin nan, Tambaya bai lura ba sai yanzu. Ya ce, "Ka tuna shekarun fari? Wace gona ta riƙe mu? Ta tudu ko ƙwarya guda ba ta ba mu ba. Wagga ce. Ɗiyanka da nawa, da tsohuwa, daga nan suka ci suka rayu. In aka ja igiya aka yanke ta, mi za mu ba su? Ni ban tahi don in taɓa Jatau ba, Allah na gani. So nike abin ya ɓace, safiyo ya gaji ya koma, shi ke nan."

"Yaron Ardo fa? Alƙali zai ɗaure shi shekaru. Kuma samari na wasa gatari."

"Fulani ne, gobe sun wuce. Mu ne za mu zauna." Ya matso, muryarsa ta yi ƙasa. "Ni na goye ka a bayana ranar da muka binne Baba. Ban taɓa roƙonka komi ba. Ka ce sawu ya ɓace. Wa zai ƙaryata ka?"

Babu wanda zai ƙaryata shi, wannan ne ya fi yi masa nauyi. Ya dubi hagu, gero. Ya dubi dama, gero. Ya ji kamar shi ma an kewaye shi, babu ta inda zai taka bai tattake wani abu ba.

Ya ce, "Dagaci ya kira taro bayan la'asar. Ina roƙonka ka riga ni magana."

*

Zauren dagaci ya cika har waje. Saje na kan kujera. An fito da Usman da ankwa, Ardo Manu na tsugune kusa da shi. Shu'aibu direba na raɓe a bango, Tukur ma an kawo shi a kan jaki daga bakin hanya, don saje ya ce duk wanda aka ambata ya zo. Malam Sabiru na tsaye. Dalhatu ya zauna cikin dattawa, a wurinsa na kullum.

Dagaci ya ce, "Tambaya, an ba ka kwanaki. Mi ka samo?"

Tambaya ya dubi wansa. Ya jira. Dalhatu na kallon tabarma.

Sai ya fara. Ya wanke Shu'aibu da keken ɗinkinsa, aka ɗan yi murmushi. Ya wanke Tukur da ƙafarsa. Sa'an nan ya ce, "Shanun da suka je gindin dutse guda biyu ne, an kai su don su ɗauki kaya, an kuma bi da su ta tafki don sawunsu ya ɓace cikin na Ardo. Ba na kiwo ba ne. Na huɗa ne."

Gidajen da ke da shanun huɗa a Tungar Dawo ba su da yawa, kuma kowa ya san su.

Saje ya ce, "Wa ya ce? Saniya ai saniya ce."

"A zuba ruwa a ƙofar zaure. A kora biyu daga na Ardo su wuce, a kora na huɗa ba karkiya su wuce. Sa'an nan mu tahi korama, na rufe sawun yana nan. Ko yaro zai bambance."

"Na wane gida za a kawo?"

Tambaya ya ce, "A fara da na gidanmu."

Wani dattijo ya yi salati a hankali. Aka aika a kwanto su. Ba a jima ba aka ji takunsu, suka ɓullo kafaɗa da kafaɗa, Goje na jefa ƙafar baya, suka tsaya a ƙofar zaure shiru suna jira.

Dalhatu ya ce, "A mai da su. Ba su ci ba tun safe." Ya cire hularsa ya ajiye a gaban dagaci. "Abin na cikin babban rumbu, ƙarƙashin dawa. Ban fasa komi ba. A kwance yaron mutane."

Da aka kawo akwatin, Malam Sabiru ya duba shi, ya share ƙaiƙayin da ke jikinsa. Dalhatu ya tambaye shi, ba tare da ya ɗaga ido ba, ko hoton gonar na ciki.

Malam Sabiru ya ce, "Babu hoto a cikinsa, Baba. Ba ya gani. Hoton wani tauraro ne ya ɗauka tun shekarun baya, yana Sakkwato, yana Kaduna. Da an rasa wannan, wani za a aiko." Ya faɗe shi a hankali, kamar mai ba da haƙuri.

Dalhatu ya gyaɗa kai. Aka cire ankwa daga hannun Usman aka sa a nasa. Da zai shiga mota ya kunce makullin rumbu daga wuyansa, ya miƙa wa dagaci ya ce a ba ƙanensa. Bai dubi inda Tambaya yake ba.

*

Dagaci bai jira awo ba. Ya ce shanu su tashi da safe ta tsohon burtali, kuma Tambaya ne zai shige gaba ya nuna inda iyakar take a da, tunda ya san ta tun yana yaro. Haka ya yi. Ya wuce ta gefen gonakin mutane suna tsaye suna kallonsa, babu mai gaishe shi. Da ya iso gonar gandu bai ratse ba, ya bi ta tsakiyarta. Garken ya biyo shi, haƙarƙari a waje, suna fizgar tsiron suna tafe. Kafin na ƙarshe ya wuce, wurin ya koma laka.

Ardo Manu ya tsaya, ya kama hannunsa da hannu biyu. Ya so ya bar masa karsana. Tambaya ya ce ba shi da inda zai ɗaure ta.

Alƙali ya ɗaure Dalhatu shekara biyu. Jatau ya warke, sai dai kunnensa ɗaya ya mutu. Malam Sabiru ya mayar da akwatin kan ƙusar, ya gama saurarensa, aka kafa duwatsun iyaka, rabin gonar gandu ya koma hanya. Matar Dalhatu ta raba tukunya da Uwani, tsohuwarsu kuma ta daina amsa gaisuwar Tambaya, ko da yake daga hannunsa take karɓar hatsi, ita da 'ya'yan Dalhatu duka.

Daminar ba ta tsaya jiran kowa ba. Ranar da ruwa ya sake sauka, Tambaya ya ɗora wa shanun karkiya ya nufi gonar tudu, wadda ba ta taɓa ƙosar da su ba, ya kafa garma a bakin kunya ta farko, ya ce musu su tafi.